Tarihin Baba a Kwamfutar Ofis

Shekara goma sha tara ina aikin sakatariya a wata ƙungiyar manoma a Kafanchan kafin a kawo mana manhajar ƙirƙirarriyar basira. An ɗora ta a kwamfutocinmu don rubuta rahoto da wasiƙu. Kafin wata biyu hannuna ya faɗa, har na fara tashi aiki da wuri.

A lokacin ne Baba ya kusa cika shekara tamanin. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma 'yan'uwana suka ce a yi masa sujadar godiya a majami'armu da ke Kwoi, a raba ɗan littafin tarihinsa. Da yake ni ce mai aikin rubutu, sai aka ɗora mini.

Asabar uku ina hawa mota zuwa Kwoi, in zauna da shi a gindin mangwaro ina ɗaukar muryarsa a waya. Baba ba ya bin labari a jere. Yana cikin maganar tashar Kafanchan sai ya koma kan ranar da ya fara ganin Mama tana sayar da ƙosai, daga nan ya faɗa noman citta. Na kwafe komai a takarda, shafi ashirin da wani abu, na rasa kai na rasa gindi.

Ranar Litinin da hutun rana na buɗe manhajar, na fara zuba mata labarin da Turanci. Ban kai rabi ba zuciyata ta ƙi kwanciya, don kayan ofis ne, ba nawa ba. Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar shugabarmu, wata Hajiya da kakanninta suka daɗe suna kasuwanci a garin.

“Hajiya, na zo da laifi,” na ce. Na faɗa mata abin da na fara.

Ta cire tabarau ta dube ni. “Kin sa sunan wani manominmu ko wani sirrin ofis a ciki?”

“A'a, ranki ya daɗe. Labarin tsoho ne kawai.”

“To ki yi da hutunki, kada ya taɓa aikin mutane. Amma in an gama ki kawo mini nawa. Mahaifina a bakin tashar nan ya yi cinikin goro.”

Kwana biyar ina yi. Manhajar ta jera mini labarin daga haihuwa zuwa ritaya, ta gyara Turancin ya fito sumul. Na kai wa Baba ina ta murna, na zauna ina karanta masa ina fassarawa. Ban gama shafi na biyu ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Wa ya ce maki na tuƙa jirgi?”

Na duba. Ashe manhajar ta mai da shi direba, har ta ƙara cewa ya yi aiki cikin farin ciki kullum.

“Ni kwal nake zuba wa wuta,” in ji shi, yana nuna mini tabon ƙuna a hannunsa. “Shekara goma sha ɗaya a bakin wuta. Wani farin ciki? Ki gaya wa injin naki ya sa gaskiya.”

Kunya ta kama ni, don ni ma na karanta wurin ban lura ba. Na koma na bi rubutun layi-layi da muryar Baba a kunnena. Duk abin da bai fito daga bakinsa ba na goge. Inda ya yi magana da yarenmu na bar shi yadda yake, domin manhajar ba ta san shi ba, sai kame-kame take yi.

Ranar sujadar majami'a ta cika har waje. Fasto ya kira ni na karanta wani sashe. Da na zo wurin da Baba ya kwana biyu a daji tare da fasinjoji saboda ambaliya ta cinye gada, yana gasa musu masara a kan shebur ɗinsa, sai wasu tsofaffi biyu a layin gaba suka miƙe. Abokan aikinsa ne, ban ma san sun zo ba. Ɗaya ya ɗaga sandarsa ya ce da ƙarfi, “Haka aka yi! Ina wurin!”

 Baba ya gyara zaman hularsa, ya yi mini alama da hannu in ci gaba. Na karanta har ƙarshe.