Kwanon Kofur Hamadu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Birkitari ya san muryar Baba Sarjan. Ana idar da sallar asuba zai tsaya tsakar gida, ya gyara tsohuwar hular soja, ya fara kiran suna. Kowa sai ya amsa da Faransanci, "Firezan!" wato ga ni. Inna ce kaɗai ba ta taɓa amsawa ba.

"Hajara!"

"In ba na nan, wa ya dama kunun da ke hannunka?"

Sai ya ce, "Ku rubuta, Janar ta iso."

Kai, Baba da tattali! Ran nan ruwa ya tare shi a hanyar Mokolo, sai ga shi tsamo-tsamo, takalmin soja a hammata, ƙafa duk jan taɓo. Na ce, "Baba, kwalba fa? Ƙusa fa?" Ya ce, "Ke Asabe, kin cika tsoro. Ƙafa Allah ke ɗinkewa kyauta. Takalmi kuwa sai baduku!"

Sunan ƙarshe a kiran shi ne ya daɗe yana damuna. Kullum sai ya ce, "Kofur Hamadu!" ya kuma amsa da kansa, "Firezan!" Alhali abokinsa Kofur ya rasu tun ina goye. Da rana a zuba kwanon Kofur, a kai wa matarsa Goggo Dija a bayan masallaci. Ita fa ko yunwa za ta kashe ta ba ta karɓar sadaka. Amma rabon mijinta, wannan haƙƙinta ne.

Ni kuwa abin ya hana ni sakat. Na ce, "Baba, ba ƙarya muke yi ba? Bayan sallah fa!" Ya ce, "Mutumin da ya goyo ni daga daji da harsashi a cinyata? Je ki tambayi cinyar nan ko yana nan."

Da shekarun kiriz suka zo, wato lokacin matsin tattalin arziki, fansho ya yi ta makara, tuwo ya koma sau ɗaya a rana. Inna ta ce a rage baki, a cire kwanon Kofur. Baba ya ce, "To, a cire Sarjan. Babba ke fara barin sahu." Kwana biyu yana tura kwanonsa, ya ce azumi yake. Inna ta gaji ta ƙara wa miya ruwa.

Washegarin jana'izar Baba muka fito tsakar gida kamar kullum. Ina ta tunanin Goggo Dija, wa zai gaya mata kwano ya ƙare? Sai Inna ta ɗauki hular, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kofur Hamadu." Ni mai gudun ƙarya, ni na ce, "Firezan." Na yi istigfari dai a zuci, ko da akwai laifi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya saka masa da abin da ya ciyar da mu. Ranar babban kira, Allah Ya sa ya amsa a sahun dama, Kofur na gefensa.