Yadda Waƙar Renon Iya Ta Shiga Majami'a

A nan Samaru inda nake zaune wurin ɗana, katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wani malamin makaranta mai fiyano. Da an gama girbin dawa, sanyi ya fara shiga ƙashi, sai 'yar malamin ta soma koyon waƙoƙin Kirsimeti bayan la'asar. Takan buga, ta kuskure, ta sake daga farko. Ina kan tabarma ina tsince wake, amma hankalina ya tafi wurin wani akwatin kiɗa mai nishi, a wani ɗakin jinka a Sabon Gari, shekarar da aka haifi ƙanena.

Ka yi mini uzuri, mai karatu, ban san shekarar a lissafin Turawa ba. Na dai san jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Zariya ba, ana kuma ta labarin yaƙin Jamus. Ban wuce shekara takwas ba. Sabon Gari lokacin 'yan layuka ne na bukkoki kusa da tasha, ga Yarbawa, ga Nufawa, ga mu, kowa da harshensa, ko'ina warin kwal da ƙamshin gyaɗar da ake lodi.

Babana tafinta ne a tasha. Tun yana saurayi ya yi karatu wurin Turawan mishan ya zama Kirista, abin da ya raba shi da mahaifiyarsa ke nan, wadda muke kira Iya. Tana ƙauyenmu can wajen Shika, ba ta taɓa taka gidanmu ba. Amma da innata ta haihu, ta sha wuya ƙwarai, ga shi ba ta da uwa a raye, sai ga Iya da ƙafa, da tukunya a ka, da butarta da tabarmar sallarta. Ta zo yi wa surukarta wankan jego. Safe da yamma gidan ya cika da turirin ganyen tsamiya da ƙamshin kunun kanwa. Baba ɗan farinta ne, dama ba ta kiran sunansa, amma wannan ya wuce kunya. Ko kallonsa ba ta yi. In tana son itace sai ta ce da ni, "Ki ce wa wancan itace ya ƙare," alhali yana tsaye a gabanta.

Majami'armu ɗaki ɗaya ce da bencuna. Wani akawun reluwe, Bayarabe mai furfura, shi ya kawo akwatin kiɗan daga Ikko a jirgi. Ana taka shi da ƙafa biyu, zuga-zugin da ke ciki ya hura iska kamar na maƙera, yatsu kuma su fitar da murya. Yarbawa suna da waƙoƙin Kirsimeti da harshensu da na Turanci. Mu 'yan tsirarun Hausawa kuwa zama muke yi muna kallon bakinsu. Wannan ya dami Baba, sai ya juya wata waƙar Turawa zuwa Hausa, ya tara mu gwaji. Da aka zo inda ake cewa an haifi Annabi Isa a ƙaramin gari, kiɗan ya ja kalmar da tsawo, garin da ake zama ya koma garin tuwo. Mata suka bushe da dariya. Baba ya naɗe takardarsa, kunya ta rufe shi.

Akawun ya dafa kafaɗarsa, ya ce da shi cikin Hausarsa mai karkata, yawancin waƙoƙin nan ba a majami'a aka haife su ba. Wasu na makiyaya ne, wasu na rawar ƙauye lokacin sanyinsu, wasu na mata masu lallashin jarirai, daga baya aka sa musu kalmomin ibada. Ya ce, "Rigar wani ce ka sa wa Hausa. Nemo ta garinku."

Ƙanena kuwa mai kuka ne, ba mai iya masa sai Iya. Takan kwantar da shi a cinya bayan wanka, tana buga bayansa a hankali, tana cewa, "Kwanta ɗan baƙo, ka iso gida, ruwa na wuta, uwa na kusa." Muryarta ƙasa-ƙasa, tana hawa kaɗan ta sauko. Wata rana na ga Baba tsaye bayan zana, ya dawo daga aiki, ko hularsa bai cire ba, yana saurare. Kashegari ya kama hannuna ya kai ni wurin akawun, ya ce in rera. Na rera sau uku, tsohon yana lalubo muryar da yatsa ɗaya har ya kama ta. Baba ya bar ɗan baƙon yadda yake, ya cire zancen ruwa, ya sa labarin jaririn da aka kwantar a wurin cin dabbobi. Kowace kalma ta zauna daram. Amma bai tambayi Iya ba.

Ni na tona asirin ban sani ba. Ina shara ina rera sabuwar, sai na ji taɓaryar Iya da ke daka ta tsaya. Iya ta tambaye ni inda na samo, na faɗa mata duka. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta, ga shi jego ko kwana ashirin bai kai ba, innata ko tukunya ba ta iya ɗagawa. Inna ta riƙe bakin zanenta tana kuka. Iya ta ce, "Da waƙar nan uwata ta rene ni, da ita na rene shi, da ita na reni biyun da ƙasa ta rufe. Ya ɗauki kansa ya kai musu, na haƙura. Yanzu har abin da ke bakina?"

Da safe akawun ya zo da farar rigarsa, ya kwanta rub-da-ciki a ƙofar ɗakinta irin gaisuwar mutanensu, Baba ya durƙusa a gefe. Suka ba da haƙuri, suka ce in ta hana, an bar waƙar har abada. Ba ta tafi ba, ba ta kuma kwance kayan ba.

Bayan azahar tana hura wutar ruwan wanka, ta kira ni ta ce in gaya mata abin da sabuwar waƙar ke faɗi. Na ce labarin Maryamu ne, naƙuda ta kama ta a garin da ba nata ba, masauki ya cika, ta haihu cikin dabbobi. Iya ta ce ta san Annabi Isa, ta san uwarsa, mace ce mai daraja. Ta gyara itace, sannan ta ce, "To, wa ya dafa mata ruwa?"

Na ce ban taɓa jin an dafa ba.

"Ba uwa, ba ungozoma?"

Na ce sai mijinta kawai. Ta daɗe tana kallon tukunyar. Sannan ta ce, "Ki ce wa wancan ya ɗauka. Amma ya mayar da ruwan da ya cire. Ko a waƙa ne, a dafa wa baiwar Allah ruwa."

Ranar Kirsimeti da hantsi muka miƙe, mu Hausawa, karo na farko, muka rera tamu, akwatin yana nishi a bayanmu. Kafin baiti na uku Yarbawa sun kama amshi. Iya ba ta shiga ba. Ta taga na hango ta ƙarƙashin ɗorawa, goye da ƙanena, tana ɗan jijjiga shi. Da aka tashi, Baba ya nufe ta yana sunkuyar da kai. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Kai, gudu kuke yi da ita kamar za ku kama jirgi. Jariri ake lallashi." Baba ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. A iya wayona, ranar ta fara yi masa magana baki da baki.

Ta cika arba'in ɗinta ta koma gida. Ta rasu a kan addininta, Baba a kan nasa, amma daga shekarar nan bai ƙara tsallake lokacin kaka bai kai mata goro da gishiri ba.

Yanzu inda ɗakin jinkan yake shaguna ne. Majami'u sun yi girma, ga jita, ga ganguna, ga lasifika mai girgiza ƙirji. Waƙar ba ta shiga littafi ba, daga baki zuwa baki ta rayu, an kuma sake mata kalmomi da yawa. Bara wata matashiya a zumuntar matan majami'a ta ji ina gyara musu ita, ta tambaye ni ko na san Baturen da ya tsara ta. Na ce wata tsohuwa ce mai salla biyar, wadda ba ta taɓa sa ƙafa a majami'a ba. Yarinyar ta yi murmushi irin wanda ake yi wa wanda tsufa ya fara ruɗawa. Na ƙyale ta, na ce su dai rage sauri.