Yayana Zai-Buɗe da Takalmin Hawan Dutse

Shekara ashirin da bakwai yayana ya yi yana sayar da takalma a kanti ɗaya, kuma duk layin ba wanda yake kiransa da sunan da iyayenmu suka raɗa masa. Zai-Buɗe ake ce masa. In ka gwada takalmi ya matse ka har idonka ya yi ja, sai ya durƙusa, ya danna bakin takalmin da babban yatsa, ya ce, "Sabo ne, zai buɗe." In kuma ya haɗa maka ƙafar dama mai lamba arba'in da biyu da ta hagu mai arba'in da ɗaya, abin da ya sha yi don ƙyuyar hawa tsani ya binciko kwali, sai ya ce ai kowane ɗan'adam ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya.

Ni ma ban tsira ba, ni da muke ciki ɗaya. Takalmin da ya sayar mini ranar da zan fara aiki har yau ina da tabonsa a dunduniya. Ban yafe ba, na dai daina maganar.

Da mai kantin ya tsufa sai 'yarsa ta karɓi ragama. Yarinya ce mai tabarau da waya biyu, yayana ya santa tun tana wasan ɓuya a bayan kwalaye. Wata na farko ta ce gaban kanti yana buƙatar sabon jini, tsofaffi su koma sito. Shi kuwa gaban kantin nan shi ne duniyarsa: kujerar gwaji, madubin ƙasa, gaisuwar masu wucewa. Sito ko taga babu.

Ana cikin haka aka kawo wasu takalman sandal masu maɗauri uku, ƙasansu da haƙora kamar tayar babur. Wai da su za ka hau dutse da safe, da yamma ka je ziyara ba tare da ka sauya ba. Yayana, wanda iyakar hawansa matakala uku ce ta ƙofar kanti, ya riƙa gaya wa masu saye cewa shi da kansa ya gwada su a kan duwatsu. Yarinyar ta ji shi.

"Madalla, Baba," in ji ta. "Ranar hutu sai mu hau dutsen bayan gari, in ɗauke ka bidiyo mu yi talla. In ya yi kyau, gaban kanti naka ne."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai wasa ne."

Na bi su da sunan riƙe ruwa. Gaskiya kallo na je yi.

Ya zo da wando mai aljihu shida da hular rana, ya ciro sandal daga kwali yana wa waya murmushi. Na dama wanda ya kwana uku a gilashin talla ne, na hagu kuma ya zaro shi da sauri daga kwalin da ya fi kusa da hannu, kamar yadda ya saba. Tun a gindin dutsen na ga yatsunsa na hagu sun leƙo waje, dunduniya ta hau kan maɗaurin baya. Shi ma ya gani. Sai dai waya tana kallonsa, kuma mutumin da ke cewa da ido yake auna ƙafa ba zai buɗe baki ya ce ya kasa auna tasa ba.

Rubu'in farko ya yi jawabi a kan iskar da ke ratsa yatsu. Daga nan jawabin ya fara gajarta. Da muka kai rabi ya koma tafiya gefe-gefe, yana tsayawa wai yana duba shimfiɗar gari. Bororo ya tashi a dunduniyar ya fashe, maɗaurin ya jiƙe. Na dama kuwa lafiya lau yake aikinsa, ko zamewa bai yi ba, don haka ba ma damar a ɗora wa kamfani laifi.

Ya zauna a kan wani falalen dutse, ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, na hagun nan ya ɗan kama ni."

Ba ta ko sauke wayar ba. Ta ce, "Sabo ne, Baba, zai buɗe. Kuma ai kowa ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya."

Ba da mugunta ta faɗa ba, a bakinsa ta koya tun tana ƙarama, ta kuma yarda. Na yi niyyar dariya, shekara nawa ina jiran wannan rana, amma da na ga yadda ya dubi ƙafar sai tausayinsa ya kama ni, abin ya ba ni haushi. Ya miƙe, ya ƙarasa har sama, ya ɗaga hannu ya yi murmushi. A saukowa kafaɗata ya dafa.

Bidiyon ya yi kyau, an bar masa gaban kanti. Ya koma aiki da silifas da bandeji, yana ɗingishi da alfahari.

Kwana huɗu bayan haka na leƙa kantin a hanyata ta komawa gida. Wata mata ta kawo mahaifinta, dattijo mai sanda, likita ya ce ya riƙa tafiya kullum. Ya sa sandal ɗin, ya taka sau biyu, ya yamutsa fuska. Lambarsa ta ƙare, wannan ce mafi kusa. 'Yar mai kantin tana tsaye a gefe. Yayana ya durƙusa, ya danna bakin takalmin da babban yatsa. Duk muka jira kalmar.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɓalle maɗaurin da hannunsa, ya ce, "Baba, cire. Ba zai buɗe ba."

Suka yi godiya suka fita hannu wofi. Washegari wani mai neman takalmin ofis ma haka ya gaya masa, rana ta gaba kuma wata malamar makaranta. Kafin ƙarshen mako aka mayar da shi sito.

Yana can yanzu, ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, yana buɗe kwalaye yana haɗa dama da hagu. Ya ce mini ya zuwa jiya ya sami marasa aboki sittin da huɗu, kuma kowane ɗaya abokinsa yana ƙafar wani a cikin gari. Na ce nawa takalmin fa? Ya ce in kawo ya duba.