Jarkar Ya Kyari tana bayan ƙofata

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ya Kyari, ɗan yayar mahaifiyata. Shi manomin tattasai ne a gaɓar kogin Komadugu, ta ɓangaren Nijar. Ni kuma keke Napep nake tuƙawa a nan unguwar Mafoni, cikin Maiduguri. Masu karatu ba su san shi ba, amma mutanen Maiduguri da yawa sun sha miyar da tattasansa ya ja.

Akwai wata al'ada tsakaninmu wadda ba mu taɓa zama muka tsara ba. Idan ya shanya tattasai, sai ya aiko min da buhu ta hannun Ari direba, da wata jarka rawaya ɗaure a bakin buhun. Ni kuma in cika ta da fetur in mayar, don injin ban-ruwansa. Mai ya fi araha a wajenmu, tattasai ya fi kyau a wajensu. Ya kan yi min tsiya a waya: "Mala, ƙasarku mai gare ta, amma ba ta da miya." In ce masa: "Ku kuma, Ya, sai ku zuba barkono a inji mu gani."

Sai shekarar da manyan ƙasashen biyu suka ɓata. Aka rufe iyaka, aka hana kai mai garuruwan bakin kogi. Wasu suka ce don 'yan sumoga ne, wasu suka ce don kada ya faɗa hannun yaran daji masu tayar da ƙayar baya. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Na gaji da bin layin gidan mai, ana cewa rabonmu ne ake tsallakawa da shi. A teburin mai shayi har da bakina na ce: "Kowa ya sha na gidansu." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ko kaɗan fuskar Ya Kyari ba ta faɗo min a rai ba. A tunanina da wasu mutane can ake yi, ba da mai aiko min buhu ba.

Duk da haka buhun ya iso, ta doguwar hanya, da jarkar a bakinsa. Ari ya ce: "Ni dai na kawo. Amma in sojoji suka ga mai a motata, ba ni ba ganin 'ya'yana." Gaskiya ya faɗa. A lokacin, jarkar fetur kaɗai ta isa a kira mutum mai kai wa 'yan daji. Na ajiye ta a bayan ƙofa, na ce sai an kwana biyu. Da Ya Kyari ya kira, bai tambaye ni mai ba. Matata ya tambaya, ya ce: "Falmata ta ga tattasan? Na bana ya fi zafi, ta rage hannu."

Daga baya na ji yadda aka yi. Injin ya tsaya, Ya Kyari ya koma ɗibar ruwa da bokiti, shuka ta fara sunkuyawa. Aka ce masa ana samun mai a wani ƙauye ta wajen tafki. Ya hau jaki ya tafi. A hanya yaran daji suka tare shi. Jakin ne ya dawo gida.

Malamai sun ce min kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Jarka guda ma ba za ta shayar da gona har girbi ba. Amma ranar da labarin ya zo, miyar gidana da tattasansa aka yi ta, kuma na ci.

Yanzu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Wata rana malaminmu ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa a kan wani siririn layi, ya ce nan ne iyaka. Kogin da muka yi wanka a cikinsa muna yara ne. Na daɗe ina kallo. Tun bayan rasuwarsa ƙasashen sun shirya, sun sake ɓatawa, har aka yanke wa Nijar wutar lantarki. Man da muke taƙama da araharsa ya yi tsadar da ni ma nake kashe keke a gangara. Da yana raye, na san zai kira ya ce: "Mala, yanzu ba mai, ba miya?"

Bara, da hanya ta yi sauƙi, buhu ya sake zuwa. Ɗansa Modu ne ya aiko, ba tare da na roƙa ba. Na wanke jarkar, na cika ta fal, na ba Ari. Bayan mako ta dawo min yadda na aika ta, ko murfin ba a buɗe ba. Modu ya kira ya ce: "Baba, Allah ya saka da alheri. Mun sa sola, injin ba ya shan mai. Ka zuba a kekenka. Babanmu ya ce kada buhunka ya yanke, shi ke nan."

Abin da ya bari ke nan: buhun da ba ya jiran a biya shi. Allah ya jiƙan Ya Kyari, ya sa ya huta. Man kuwa na kasa zuba shi a keke. Jarkar tana nan bayan ƙofa, a cike.