Tsawar da ta cinye muryar Alhaji Mika'ilu

Jabiru mai shagon kayan wuta a Indénié, cikin unguwar Adjamé, ya sayar wa Baraka ralonj na ƙarya, irin soket ɗin nan mai bakuna shida, ya rantse mata yana tare tsawa.

Baraka haifaffiyar unguwar Treichville ce, iyayenta mutanen Tawa. Shekara ashirin tana daka yajin tsire a gidanta da ke Belleville, mahauta na zuwa saye. Mijinta Alhaji Mika'ilu dillalin shanu ne. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya sa aka ɗauki muryarsa a tsohuwar kwamfutar falo: sunayen kakanni, garuruwansu, wa ya haifi wa, saboda 'ya'yansa Faransanci ya fi musu Hausa sauƙi a baki. Ya rasu bara. Muryar ba ta ko'ina sai cikin kwamfutar nan. Don ita Baraka ta hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, har Adjamé neman kariya.

"Hajiya, ko aradu ce ta faɗo, nan za ta tsaya," in ji Jabiru, yana nuna mata jan ƙwan wutar da ke jikin soket ɗin. "Ni zan cuce ki?"

Wata Laraba da la'asar hadari ya taso daga teku, gari ya yi baƙi, kajin maƙwabta suka yi tsit. Baraka ta yi abin da ta ga uwarta na yi wa madubi in ana walƙiya: ta kashe kwamfutar, ta lulluɓe ta da zane. Wayar wuta kam ta bar ta jone a bango. Ai an ce mata akwai kariya.

Tana ɗaure yaji a leda tsawar ta fashe. Wani shuɗin haske ya tashi a ƙarƙashin zanen, kamar mutum ya kunna fitila cikin mayafi. Lasifikar kwamfutar ta yi ƙara. Baraka ta rantse gyaran murya ta ji, irin wanda Alhaji ke yi kafin ya kira sunanta. Ta saki ledar, ta ce, "Na'am?"

Sai ƙaurin roba, da siririn hayaƙi yana fita ta saƙar zanen. Jan ƙwan nan kuwa yana nan yana ci abinsa.

Mai gyara ya ce abin da ke ajiye muryar ya ƙone ƙurmus. Ya kwance ralonj ɗin a gabanta: wayoyi biyu sirara da ƙwai, shi ke nan. Babu komai na tare tsawa a ciki.

Har yau in hadari ya haɗo, Baraka takan bar turmi ta zauna gaban zanen tana saurare.

Jabiru, kai da masu kawo maka kayan nan, ku sauke su daga kantar shago yau. Wanda kuka ce yana tare tsawa, ku kwance shi gaban mai saye ya gani da idonsa. Kuma ka tako Belleville da ƙafarka, ka dubi matar nan ka faɗa mata abin da ka sayar mata.