Kwaɗon da kakata ta kai lakwal

Duk safiya in na buɗe akwatin gilashin kwaɗina a labo, ɗakin bincikenmu nan Lyon, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ke fara tarbata, sai in ganni gindin randar kakata.

Da damina akwai wasu ƙananan kwaɗi masu danƙo a yatsu da ke maƙalewa jikin randar. Ran nan na bi ɗaya da ido har ya haye iccen mangwaron gidanmu. Da na faɗa a aji, mushe, malaminmu, ya ce kwaɗo ba ya hawan icce, ya zuba mini bulala biyar wai na yi ƙarya. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kakata ba ta san ko bihim a boko ba, amma da ta ga shatar bulala a ƙafata sai ta kama kwaɗon, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta tasa ni gaba har lakwal, makarantarmu. Gaban yara duka ta ɗora shi jikin allo. Ya bi allon nan tiryan-tiryan har sama.

"To Malam, shi ma sai ka buge shi," in ji ta.

Mushe ya ajiye bulalarsa gefe.

Kwaɗon da nake bincike a kansa yanzu ɗan dazukan Asiya ne, kore shar. Fatar da ke tsakanin yatsunsa ta fi ta agwagwa faɗi. In ya diro daga ƙololuwar icce sai ya baza ta, ya yi shawagi zuwa wani iccen. Macen kan yi kumfa a ganyen da ke bisa ruwa ta zuba ƙwai ciki, in sun ƙyanƙyashe su zubo ruwa.

Kawuna mai shagon sarin takalma a Aubervilliers dariya yake mini. Makon jiya ya kira, ko gaisuwa bai ƙarasa ba: "Ke, duk karatun nan a kwaɗo zai ƙare? Ki zo ki riƙe mini shago kafin Sallah, ko in ba wani."

Kakata ta rasu, an sare mangwaron, yaran gidanmu ba su taɓa ganin kwaɗo bisa icce ba. Dazukan can ma sara ake. In na tafi sayar da takalma, wa zai tsaya wa kwaɗin nan?

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka ba wani."