Kamannin Rabi

Kakata ba ta taɓa gaya mana kamannin kowa a cikin tatsuniya ba. Za ta faɗa maka abin da mutum ya ci, da inda ya kwana, da irin tarin da yake yi idan zai shiga gidan surukai, amma fuska, a'a. Idan ka matsa mata sai ta ce ka je ka nemo taka.

Iya muke ce mata. Ƙauyenmu yana can bayan Kazage, a bakin daji, inda yanzu ko an ba ka kyautar gona ba za ka je ka duba ta ba. Da damina, ana idar da sallar magariba take hura wuta a tsakar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Sauro kam yana tafiya, mu kuma mu zauna muna hawaye, kowa da masararsa a bakin garwashi. Ni ne babba a cikin jikoki, don haka ni ne mijinta na wasa, kuma ni take fara yi wa tsiya.

"Maigida, ka zo hannu rabbana yau ma? To zauna, na saba da auren talaka."

Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta iso da ƙafarta. Mai jin barci ya tashi tun yanzu, ba na son a yi mini minshari a tsakiyar magana."

Akwai wata yarinya, Rabi, 'yar maƙerin da ke makwabtaka da mu. Kullum a daidai wannan lokaci ake aiko ta ɗibar wuta. Takan zo da fasasshen kasko, Iya ta zuba mata garwashi, sai ta tsaya a bakin ƙofa wai tana hura shi don kada ya mutu, alhali tatsuniya take saurare. Sau da yawa sai ta kai gida da toka, a yi mata faɗa, a sake aiko ta. Iya ta san da haka, shi ya sa take zaɓar mata garwashin da ya kusa mutuwa.

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta yaro mai tsaron dawa. Wai wani yaro ne ubansa ya kafa masa rumfa a gona, a bakin wani rafi, ya ce ya kori tsuntsaye har a yi girbi. A tsallaken rafin ma akwai gona, da wata yarinya mai irin aikinsa. Ruwa ya cika, dawa ta yi tsawo, ba ya ganinta. Muryarta kawai yake ji idan ta yi wa tsuntsaye ihu. Shi ma sai ya yi nasa. Tun suna yi don tsuntsaye, har suka koma yi ko babu tsuntsu ko ɗaya a sama.

Abin ya dami yaro, yana son ya san kamanninta. Sai kurciya ta sauka ta ce, idan ya bar ta ta ci kunya ɗaya ta dawa, za ta tashi ta gano masa. Ya yarda. Ta ci ta ƙoshi, ta je ta dawo ta ce, "Kyakkyawa ce, tana da wata baƙar sarƙa a wuya, ga tafiya a hankali." Jan baki ya zo ya ci tasa kunyar, ya ce ƙarya ne, ƙarama ce, bakinta ja wur. Hankaka ya ci, ya ce duk ba su iya kallo ba, baƙa ce siɗik mai farin ƙirji. Kowane tsuntsu dai kansa yake siffantawa. Kafin ruwa ya janye, rabin gona ya tafi, yaro kuwa ya tara fuskoki barkatai, ba wadda ta dace da wata.

Da aka yi girbi ya tsallaka, ya tarar da 'yan mata cike da masussuka. Ya duba, babu mai sarƙa, babu mai jan baki. Har ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya kurma ihun nan na korar tsuntsaye. Kowa ya ɗauka mahaukaci ne. Sai wata daga can baya ta yar da sandarta ta amsa.

A nan muke tashi mata. "Iya, yaya take? Fara ce ko baƙa? Doguwa ce?"

"Kuna da gonar da zan ci ne? Kowa ya rufe ido. Wadda ka gani, ita ce. Kada ka faɗi sunanta, ba na son rigima da iyayen mutane." Sai ta zungure ni da muciya. "Ban da kai, maigida. Kai ni za ka gani, ko ka kwana a waje."

Nakan rufe ido. Kuma ba Iya nake gani ba, Allah ya jiƙanta. Mai kasko nake gani.

Na auri Rabi. Muka zauna abin da Allah ya ƙaddara, ta haifi Hajara, ba a kai ga yaye ba Rabi ta rasu. Rabi ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, a ƙauye wa ya damu da wannan a lokacin? Bayan wasu shekaru daji ya lalace, muka kwaso abin da za mu iya ɗauka muka dawo cikin Birnin Gwari. Ni da nake noma abin da zan ci har in ba wani, yau ga ni a bakin titi ina facin taya, yara sa'o'in 'yata suna ce mini in yi sauri. Makaranta a aji huɗu na tsaya. Ina iya karatu, amma kamar mai tura babur a yashi. Ba na ɓoye cewa ina da haushin duniya. Abin da ya rage mini wanda ba a ƙwace ba shi ne, idan na rufe ido, Rabi tana nan yadda take.

Hajara ta girma, tana sakandare, ga son littattafan soyayya. Na yi faɗa har na gaji. Ran nan na ce ta karanta mini in ji abin da ke hana ta wanke-wanke. Da niyyar in kushe na zauna, sai ga ni kullum bayan magariba ina tambaya ina aka tsaya.

Labarin wani yaro ne mai koyon ɗinki da wata yarinya 'yar unguwarsu. Takan kawo masa gyaran mayafi, ya ɗinke, bayan kwana biyu ta dawo da shi ya yage a wani wurin. Shekara ta zagayo bai iya ce mata komai ba sai "an gama". Marubucin ya san kunya, na ba shi wannan. Ya san yadda yaro ke haddace magana tun daga gida, ya zo gaban yarinya ta zube. A ƙarshe yaron ya tafi birni ƙaro sana'a, ita kuma ta raka ƙaninta tasha don ta ga yaron, ba su ko gaisa ba. A nan littafin ya ƙare. Wuri ɗaya kawai ya ɓata mini rai, inda ya ɗauki shafi guda yana lissafa hanci da ido da gashi. Na ce wa Hajara, "Tsallake. Wannan hankaka ne." Ba ta gane ba, amma ta tsallake. Ni na riga na sa wa yarinyar fuska tun shafin farko.

Sai aka yi fim ɗin littafin. Hajara ta samo shi a waya. Na ce ba zan kalla ba. Ta kalla da ƙanwata Lami, wadda take kira Goggo, kuma Lami ce ta jawo abin, da bakinta da ba ya rufuwa. Wai 'yar fim ɗin ta yi mata kama da marigayiya.

Tun daga ranar yarinyar nan ta hana ni sakat.

"Baba, don Allah ka duba sau ɗaya. Ka ce mini e ko a'a."

"Goggonki ko akuyarta ba ta ganewa a cikin garke."

"To ai shi ya sa nake tambayarka."

Ba taurin kai ne kawai ya hana ni ba. Tsoro nake ji. Na san yadda hoto yake, idan ya shiga kai ba ya fita. Ina gudun in kalli wata 'yar birni da hoda, in zo in rufe ido in tarar ta zauna a wurin Rabi. Ba ni da wani wurin da zan je in sake ɗauko ta.

Na ce to, ta kunna, zan saurara da kunne. Na juya wa wayar baya. Ko ta kunne ma na ji ɓarnar da suka yi. Yaron da ke koyon ɗinki a rumfar kasuwa, sun ba shi kanti da mota. Shekarar nan da ya yi yana kame-kame, sun cinye ta kafin shayina ya huce, har sun shiga waƙa. Mayafin ma sau ɗaya ya yage. Na ce, "Waɗannan ba su taɓa jin kunyar kowa ba." Hajara ta ce ai fim ba ya jira, kuma a ƙarshe har biki aka yi. Na ce wa ya aike su?

Sai ta tsayar da shi. Ta ce, "Baba, kai da aka karanta littafin kana da wadda kake gani. Ni fa idan na rufe ido ba kowa."

Na juyo na fuskance ta. Sannan na miƙa hannu ta ba ni wayar.

Yarinya ce kyakkyawa, ba laifi. Na dube ta sosai. Na ce, "Lami makauniya ce. Uwarki ba ta kai wannan kyau ba."

"Baba!"

"Gaskiya ce. Wannan hancin kamar an ja shi da zare. Na uwarki gajere ne, yana yin zufa ko da sanyi. Kuma dubi haƙoranta a jere kamar na talla. Uwarki tana da wushirya, idan za ta yi dariya sai ta kare da bayan hannu, hannun ma akwai tabon wuta a nan, wajen babban yatsa."

Hajara ta matso. "Tafiyarta fa? Bari in kai inda take tafiya."

Ta kai. Na ce, "Kai! Wannan rangwaɗa ce. Uwarki sauri take yi kamar wadda akuyarta ta tsinke."

Ta yi dariya har da hawaye, ni ban sani ba ko na dariya ne ko na wani abu. Haka muka bi fim ɗin nan gaba da baya, tana nunawa ina ƙaryatawa. Girarta, kunnenta, yadda take ɗaura kallabi, yadda take kallon mutum idan ya yi ƙarya. Abubuwan da ban san ina riƙe da su ba suka riƙa fitowa. Ni mutum ne da ban iya yabo ba, amma a ba ni abin da zan musa, sai a ga bakina ya buɗe. Da na kwanta na rufe ido da fargaba. Rabi tana nan, har ta fi da fitowa.

Shekara da shekaru na ɗauka na fahimci Iya: kada ka sayi fuska a bakin wani. Har yanzu ina ganin da gaskiyarta, kuma har yanzu na ce littafin ya fi fim ɗin, ko a gaban wanda ya yi shi zan faɗa. Amma Iya tana bar mana wurin a buɗe ne don ta san kowannenmu yana da wadda zai sa. Yaron cikin tatsuniyarta ma ai yana da murya da zai bi. Wanda bai taɓa jin ko muryar ba, dole wani ya tsallaka ya gano masa, ko da zai haɗa da son kansa.

Jiya Lami ta zo, Hajara ta tare ta tun daga zaure.

"Goggo, ba su yi kama ba. Innata tana da wushirya."

Ta faɗe shi kamar wadda ta gani da idonta. Ni ina ciki ina cin tuwo, ban sa musu baki ba.